Hasumiyar Rumfa: Tarihin Tsohon Masallacin Jumma'a na Kano da Irin Gininsa



A arewacin ƙasar Ingila, cikin wani kwari a lardin Yokshaya, akwai wani tsohon kango na dutse da ake kira Fountains. Asalinsa mazaunin ruhubanawa ne, watau mutanen nan na addinin Kirista da kan ƙaurace wa aure da mallakar dukiya, su keɓe kansu wuri guda domin ibada. Mutum 13 suka kafa shi a shekarar 1132. Bayan shekara ɗari huɗu da 'yan kai, a 1539, Sarki Henri na Takwas ya sallami mazaunansa, ya karɓe filayensu, aka ɓamɓare darmar da aka yi rufi da ita. Tun daga lokacin ba a sake mayar da rufin ba. Duk da haka bangayen suna nan tsaye, haka kuma doguwar hasumiyar da shugaban wurin, Marmaduke Huby, ya gina wajen shekarar 1500, wadda tsawonta ya kai kimanin ƙafa 160. Jama'a sukan biya kuɗi su shiga su yi kallo.

An fara da wannan labari ne saboda shekarun nan guda biyu. Idan aka bi lissafin Tarihin Kano, shekarar 1132 ta faɗo cikin mulkin Sarki Gijimasu (1095-1134), wanda ya soma ginin ganuwa. Hasumiyar Huby kuwa sa'ar wata hasumiya ce da aka gina a birnin Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Ta Ingila tana nan, ko da yake masu ibadarta sun watse tun tuni. Ta Kano babu ko tubalinta ɗaya a tsaye, alhali kuwa sallar Jumma'ar da aka gina masallacin dominta ba a daina ta ba. Wannan jawabi zai bi diddigin yadda haka ta faru.

Babban abin dogaro a nan shi ne littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci wajen ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, daga baya kuma ya fito da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Sai dai ɗalibi ya lura, shekarun da ake jingina wa sarakuna lissafi ne da aka yi ta hanyar ƙirga tsawon mulkin kowane sarki a koma da baya. Saboda haka na ƙarnonin farko kirdado ne mai kyau, kada a riƙe su kamar ranar haihuwar da aka rubuta a asibiti.

Bisa ga wannan littafi, kafin zuwan Musulunci cibiyar bautar mutanen Dala wata itaciya ce da aka kewaye da bango, inda Barbushe yake shiga shi kaɗai ya gana da Tsumburbura. A zamanin Sarki Yaji (1349-1385) Wangarawa suka iso daga ƙasar Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Sarki ya karɓi salla, ya naɗa liman da ladan da alƙali da mai yanka daga cikinsu, aka kuma gina masallaci a gindin itaciyar tsafi. Abin lura shi ne ba a sare itaciyar ba. Masallaci da tsafi suka zauna inuwa guda, kuma zaman bai yi daɗi ba, domin littafin ya ba da labarin yadda Sarkin Garazawa da mutanensa suke zuwa da dare su ƙazantar da masallacin, har sai da aka sa masu gadi, daga bisani aka haɗa da addu'a, masu ɓarnar suka makance.

Akwai wani ƙaramin littafi na Wangarawan Kano da kansu, Asl al-Wangariyyin, wanda aka rubuta wajen 1650, kuma Muhammad al-Hajj ya buga shi a mujallar Kano Studies a 1968. Shi wannan ya ce a zamanin Rumfa Shehu Abdurrahman ya iso, ba a zamanin Yaji ba. Tsakanin maganganun biyu akwai ratar shekara ɗari. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kai, amma abin da ya fi kama hankali shi ne Wangarawa fatake ne, ba rana ɗaya suka zo ba, kuma ruwaya takan tattara zuwan mutane da yawa ta ɗora wa sunan babban malami guda.

Ko ma dai yaya ne, a zamanin Rumfa al'amarin ya canja. Wajen shekarar 1492 Shehu Muhammad ibn Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan wanda ya zauna a Tuwat, ya sauka a Kano. Shi ne ya rubuta wa Rumfa littafin nan na ladubban mulki, Taj al-Din. Tarihin Kano ya ce baƙon malamin ya umarci Sarki da ya gina masallacin Jumma'a, ya kuma sa aka sare itaciyar, aka gina hasumiya a gurbinta. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci a tarihin ginin. Hasumiya wurin kiran salla ce, babu shakka, amma kiran salla ana iya yin sa daga kan kowane soro. Wadda aka dasa a daidai gurbin itaciyar da mutanen gari suka yi ɗaruruwan shekaru suna tsoro tana da wani aiki na biyu. Duk wanda ya ɗaga kai ya duba wurin da ya saba ganin rassa, sai ya ga abin da ya gaje su. Irin wannan dabara ba Kano kaɗai ta yi ta ba. A Turai ma majami'u da yawa a kan wuraren bautar mutanen da aka gina su.

Masallacin bai zo shi kaɗai ba. Rumfa ya gina sabuwar fada, wadda har yau ake kira Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa domin ta rungumo ta, ya tsara Kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya fara hawan Idi. Al-Magili kuwa da zai tafi ya bar Sidi Fari, wanda zuriyarsa ke riƙe da wannan sarauta a unguwar Sharifai. Ruwayar da ta yaɗu ta ce masallacin Jumma'a na farko a wajen Sharifai yake, sai a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya hau gado a 1582, aka dawo da shi kusa da fada, inda yake a yanzu. A ƙarni na 19 kuma Sarki Abdullahi Maje Karofi ɗan Dabo, wanda ya hau a 1855, ya sake gina shi. Watau ke nan abin da Turawa suka tarar a 1903 suka ɗauki hotonsa ya riga ya sha gyara da sabuntawa sau da yawa. Mutanen birni suna ganinsa a matsayin masallacin nan na tun zamanin Rumfa, kuma ba su yi kuskure ba, domin a ginin ƙasa haka tsufa yake. Ba za a fahimci wannan ba sai an dubi yadda magina suke aikinsu.

Magini Bahaushe yakan fara da zaɓen ƙasa. Jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, wadda ake kira birji, ita ake haƙowa, kuma ramukan da aka bari su ne kududdufan da suka cika birni. Akan jiƙa ta a tattake da ƙafa, a zuba ciyawa da kashin dawaki, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake cuɗawa. Daga nan ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Wajen gini akan jera shi kai sama, a cika tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a dakata sahu ya bushe kafin a ɗora wani. Bangon yakan yi kauri ƙwarai a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Wannan shi ne sirrin tsayuwar dogon gini na ƙasa, kuma shi ya ba hasumiyar Kano kamanninta a tsofaffin hotuna: ƙaton gini mai kusurwa huɗu, gindi a baje, kai a tsuke, kusurwoyin sun lanƙwashe saboda yaɓe a kan yaɓe, ba shi da wata ƙawa sai girmansa.

Rufi shi ne inda gwaninta take. Ƙasar Hausa ba ta da dogayen katakai, ga kuma gara. Abin da ake da shi shi ne azara, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa 6. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki sahun masallata? Magina suka warware matsalar da bakan gizo. Akan dasa azara cikin bango daga ɓangarori biyu, kowace ta ɗan leƙo, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, a bi da ƙasa, haka haka har su haɗu a tsakiya su yi baka. Idan aka gicciye baka biyu ko fiye aka haɗa su a ƙololuwa, an sami ɗaurin guga, wanda a kansa ake ɗora tulluwa. Mai kallo daga ƙasa zai zaci bakan nan irin na dutse ne da ake gani a Masar ko a kangon Fountains. Ba haka ba ne. Bakan dutse nauyin duwatsun ne ke danne juna su tsaya. Na Bahaushe kuwa ƙashin itace ne aka lulluɓe da ƙasa, ya fi kusa da abin da injiniyoyin zamani suke yi sa'ad da suke sa rodi cikin kankare. A kan azara akan shimfiɗa asabari ko zana, a zuba ƙasa a daddaɓe, a karkata ta yadda ruwa zai bi indararo ya zuba nesa da gindin bango.

Saura kariya daga ruwan sama, wanda a Kano yakan zubo kusan gaba ɗaya cikin wata huɗu, ya fi tsanani a watan Agusta. Bango akan shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi da rawanin gini kuwa laso ake yi musu. Ya kamata a tsaya a kan laso, domin yana nuna yadda sana'o'in birni suke riƙe da juna. Ana haɗa shi da katsi, watau dattin da ke taruwa a gindin rijiyar marina, wanda ake busarwa a ƙona a daka. Da gashin jima daga majema. Da ruwan dafara. Ma'ana, rufin masallaci yana dogara ga marinan Ƙofar Mata da majeman birni. Ranar da shuɗi ya ja baya saboda atamfar kanti, katsi ya yi wuya, ranar ce laso ya fara zama labari. Mutane da yawa suna zaton siminti ne kurum ya kashe ginin gargajiya. Siminti ya zo ya tarar da igiyar ta riga ta fara tsinkewa.

Daga wannan bayani za a gane bambancin kangon dutse da na ƙasa. Dutse idan aka cire masa rufi aka tafi aka bar shi, yakan yi shekara ɗari biyar yana jiran masu kallo. Ginin ƙasa kuwa kamar gona yake, kowace shekara yana bukatar hannu. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta jiƙa, damina biyu ko uku sun isa su kawo tulluwa ƙasa. Bayan wasu shekaru sai tudu, daga nan wani ya ɗebi ƙasar ya yi tubalin gidansa. A zamanin sarakuna akwai tsarin da ke hana haka. Akwai Sarkin Gini da maginansa, akwai aikin gayya da ake raba wa unguwanni da garuruwa bayan kaka. Tarihin Kano ya ba da labarin Wambai Giwa, a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618-1623), wanda ya ƙara faɗin ganuwa ta wajen yamma, yana kai wa ma'aikata abinci da shanu kowace safiya har aka gama. Gaskiya kuma ita ce wani kaso na wannan aiki bayi ne da talakawan da ba a tambayi ra'ayinsu ba suka yi shi. Bai kamata a ɓoye wannan ba idan ana yabon ayyukan mutanen da.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, tsarin nan ya fara sassautawa. Ganuwa ba ta da sauran amfanin yaƙi, bauta tana ƙarewa, aikin gayya ya koma aikin lada da ake biya daga baitulmalin En'e. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953), wanda ya yi aikin hajji a 1937 ya ga masallatan ƙasashen gabas, aka kawar da tsohon ginin ƙasa, aka gina masallacin da ake gani yanzu, mai ƙubba da hasumiya biyu, aka buɗe shi a farkon shekarun 1950. Ba daidai ba ne a zargi mutanen wancan lokaci. Birni ya cika, tsohon gini ya gaji, kuma sabon ya zama abin alfaharin Kanawa, har hotonsa ya zama tambarin birnin a idon baƙi. Abin da aka rasa dai shi ne shaidar cewa maginan Kano sun taɓa ɗaga ƙasa zalla ta kai wannan tsawo.

Wanda yake son ya ga irin abin da aka rasa, sai ya yi tafiya. A Katsina akwai hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin ƙafa 50, wadda ruwaya ke danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Ita ce ta fi kusa da zama kango irin na Turai a ƙasar Hausa, domin masallacin da makarantar da take cikinsu sun tafi, ita kaɗai ta rage. Ita ma ba don Sarki Muhammadu Dikko ya sa an gyara ta ba, da yanzu sai labari. A Agadas akwai hasumiya mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16, aka sabunta ta a 1844. Itatuwan da suka tsattsago daga jikinta su ne matakan masu yaɓe, watau an gina ta ne tare da tunanin gyaranta. A Zariya kuwa akwai masallacin Jumma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen ƙarshen shekarun 1830, inda bakan gizo da ɗaurin guga suka kai maƙura. Da aka zo faɗaɗa shi a shekarun 1970, sai aka gina sabon masallaci aka rufe abin da aka bari na tsohon a cikinsa. Wasu sun soki wannan dabara, suna cewa an sa tsoho a akwati. Amma dai tsohon yana nan ana ganinsa. Masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Z. R. Dmochowski, wanda ya auna shi, ya gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, tare da kwafin wani yanki na ganuwar Kano.

Akwai wani dalili kuma da ya sa Kano ba ta bar kango ba, kuma ya fi na ƙasa da ruwa zurfi. Mazaunin ruhubanawa hukuma ce mai bango: ɗakin ibada, ɗakin kwana, ɗakin cin abinci, ɗakin littattafai, gonaki da garken tumaki, duk a hannun ƙungiyar da ba ta haihuwa. Sarki ya sa hannu a takarda guda, ƙungiyar ta mutu, ginin ya zama marar mai shi. Musulunci bai san ruhubananci ba. Malaman da suka kewaye masallatan Kano a gidajensu suke da iyalinsu, zaure shi ne aji, littattafai suna cikin gafaka, ilmi yana bin ɗa da almajiri. Unguwar Madabo, wadda ake danganta masallacinta da Wangarawan farko, ta shahara da karatun fiƙihun Malikiyya, musamman Muhtasar na Halil, kuma sarautar Babban Malami na Madabo ta ratso jihadin 1804 da zuwan Turawa ba ta yanke ba. Babu takardar da wani sarki zai sa wa hannu ya rushe irin wannan. Amma kuma wannan ƙarfi shi ne ya sa ba a ɗauki bango da muhimmanci ba. Tun da jama'a tana nan, salla tana nan, to gini riga ce, idan ta tsufa a ɗinka sabuwa. Masallatan unguwanni da yawa a cikin birni an rushe su an sake su da bulo da kwano, da kyakkyawar niyya, da kuɗin masu neman lada.

Wannan magana ta shafi ma'aikatan da ke zaune a nan kai tsaye. An sa ganuwar Kano cikin kayan tarihin ƙasa tun 1959, an kuma shigar da ita jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a 2007. Duk da haka an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa hanya, aka maye gurbinta da sabon gini, kuma dogayen sassa na badala sun zama filayen gidaje da shaguna. Dokar da ta ce kada a taɓa kayan tarihi an tsara ta ne da tunanin dutse. Ga ginin ƙasa, rashin taɓawa shi ne hukuncin kisa. Abin da yake bukata shi ne layi a cikin kasafin kowace shekara, wanda za a saki kuɗinsa da rani kafin ruwa ya sauko, a ba magina na gaskiya, su kuma zo da yaransu su koya. Kwangila guda mai tsoka bayan shekara goma, wadda za a ƙare da shafa siminti a kan ƙasa, ta fi ɓarna, domin siminti yakan tsage, ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita, bangon ya ruɓe a ɓoye. Mutanen Jenne a ƙasar Mali, waɗanda aka sake gina babban masallacinsu a 1907, sun mayar da yaɓen shekara-shekara bikin gari, yara na kawo ƙasa, mata na kawo ruwa, magina na kan tsani.

A Kano wuraren da za a fara da su sanannu ne. Akwai Gidan Makama, inda ake cewa Rumfa ya zauna kafin ya gina fada, wanda yanzu gidan tarihi ne, kuma a nan aka ajiye ƙyamaren wasu tsofaffin ƙofofin gari. Akwai sorayen cikin Gidan Rumfa masu ɗaurin guga. Akwai abin da ya rage na badala ta wajen yamma, da 'yan zaurukan malamai da attajirai a tsofaffin unguwanni. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ya ɗauki ma'auni da littafi ya nemi tsofaffin magina, ya tambaye su yadda ake haɗa laso, awo nawa na katsi, awo nawa na gashi, da kwana nawa ake barinsa kafin a shafa.